Dalma a Fangalin Latas

Kawuna yana da lambu a bakin wani tsohon ramin kuza, idan ka bar cikin Jos ka nufi Bukuru. Ramin ya cika da ruwa tun ba a haife ni ba. Ruwan kore ne shar, ba ya ƙafewa ko a tsakiyar bazara, kuma duk yaron unguwar ya san ba a iyo a cikinsa, don ya ci mutane ba ɗaya ba, ba biyu ba. Da shi ake ban-ruwa. Da zarar damina ta ɗauke a watan Oktoba, tun asuba za ka ji injina suna tari a gefensa, ga tiyo sun miƙe suna bi fangali-fangali: latas, kabeji, karas, koren wake, tattasai, albasa mai lawashi. Wani kaso na kayan da ake lodawa a kasuwar Farin Gada a kai Abuja da Kudu daga irin waɗannan lambuna yake fitowa.

Ni malamin makaranta ne, kemistiri nake koyarwa a wata sakandare, lambun kuwa wurin shan iskata ne. Wani hutun Disamba, cikin sanyin nan na Jos da ke hana yatsa lanƙwasuwa, na iske tifa ta juye masa toka. Tokar bola ce, wadda ake kwasowa daga jujin cikin gari bayan an cinna masa wuta ya ci ya mutu. Yara biyu suna tankaɗe ta da tsohuwar ragar gado. Na tsuguna ina duban abin da ke saura a kan ragar: fasassun kwalabe, gwangwanin madara da ya yi baƙi, ƙusa, leda da ta narke ta dunƙule, murfin bokitin fenti. Sai ga batirin tocila ya fashe, baƙin sandan nan na cikinsa ya leƙo. Can kuma wani koren allo na cikin rediyo, ya ƙone rabi, ɗigon dalmar da aka liƙe wayoyinsa da ita yana nan yana ƙyalli.

Na ɗaga na nuna masa. "Kawu, wannan fa?"

"To ai shi ya sa ake tankaɗewa."

"Wanda ya riga ya zama gari ya bi ta ragar fa?"

Ya yi mini irin duban da ake yi wa ɗan boko. "Ɗan nan, tun kana goye nake zuba tokar nan. Je ka dubo kabejin can, ka dawo ka gaya mini buhun kamfa nawa zai ba ni irinsa."

Na je na duba. Kowane kai sai ka sa hannu biyu kafin ka ɗaga shi. Ban sami ta cewa ba ranar.

Kuma yana da gaskiyarsa. Ƙasar da yake nomawa ba ƙasar gado ba ce irin ta fadamun Kano ko Zariya. Turawa sun fara haƙar kuza a tudun nan tun farkon ƙarnin da ya wuce. A 1939 aka haɗe manyan kamfanoninsu aka yi wanda kowa ya sani da ATMN. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babban wurin da take samun kuza, sai aka shiga ɗibar mutane daga lardunan Arewa ana kawo su aikin tilas. Cikin wannan ɗiba aka kawo kakanmu na wajen uwa daga ƙasar Katsina, ya ɗauki kwanon ƙasa a kai har gashin tsakiyar kansa ya ƙare, daga baya ya zauna a Gangare bai koma ba. Injinan kamfani sun kife ƙasar ne kamar waina: mai kyau ta sama ta koma ƙasa, tsakuwa da yumɓun can ciki suka dawo sama. Da kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985, aka watse aka bar ramuka da tsibin ƙasa. An dasa itatuwan turare a wasu wuraren, sauran kuwa manoman rani ne suka raya su da hannunsu, da kashin kaji da na shanu da toka, kwando-kwando. Ban taɓa raina musu wannan ba.

Abin da tokar ke yi, duk matar da ta taɓa miyar yakuwa ta san shi. Idan tsami ya yi yawa, a ɗiga ruwan toka ko a jefa 'yar kanwa, sai ya kwanta. Ƙasar tudun Jos mai tsami ce, ta wurin haƙa kuwa ta fi, ga ruwan sama mai yawa da ke wanke ta duk shekara. Toka tana kashe tsamin, tana kuma kawo sinadaran da shuka ke so. Shi ya sa kabejin Kawu ya yi kai.

Na ɗebi ƙasa daga wuri uku, na ƙulla a leda, na kai wa wani abokina da ke aiki a ɗakin gwaji. Ina tafe ina da wanda na riga na ɗora wa laifi, wato kuza da Turawan da suka haƙe ta. Sakamakon ya kunyata ni. Dalma da tutiya da kadmiyam, ƙarafan da ke zama guba in sun yi yawa, sun fi taruwa a tsohon fangalin da ke bakin hanya, wanda ya fi kowanne cin toka, sun fi ƙaranci a na can sama inda tifa ba ta iya hawa. Tamar kuza ita kanta dutse ce mai taurin kai, ba ta narkewa a ruwa balle saiwa ta sha. Gubar daga bolarmu take, daga batirinmu da fentinmu da matattun wayoyinmu.

Daren nan na kasa barci ina juya abin. Tokar bola tana zuwa ne da kura da takunkuminta a tifa ɗaya. Ƙarfe mai guba ba ya shiga shuka sai ya narke a cikin danshin ƙasa. A ƙasa mai tsami, dalma da kadmiyam da tutiya a sake suke, suna yawo, saiwa na zuƙa. Idan tsamin ya kwanta, sai su manne wa ƙwayoyin yumɓu da na tsatsar ƙarfe da ke cikin ƙasar, ko su haɗu da wani sinadarin su zama abin da ba ya narkewa. To tokar tana kawo gubar, tana kuma kawo abin da zai ɗaure ta. Sai dai kanwar da ke cikin toka damina biyu ko uku ta ishe ta ta wanke, ga yuriya da ake watsawa wadda ke dawo da tsami a hankali. Ƙarfe kuwa ba ya ruɓewa, ba ya tsufa. Duk shekara takunkumin yana cinyewa, kurayen suna ƙaruwa, kuma hanyar da Kawu ya sani ta sabunta takunkumin ita ce ya sake sayo wata tifar, da wasu kurayen a ciki.

Da na yi masa wannan bayani, bai musa ba. Cewa ya yi, "To, Malam, sai a yi yaya? In kwashe ƙasar in kai ina?"

Tambayar ta fi ƙarfina, domin kwashewar ita ce maganin da aka sani. Haka aka yi a Zamfara. A 2010, lokacin da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura da yawan sababbin kaburburan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, an gano dutsen zinariyar da ake daka shi ana niƙa shi a cikin gidaje cike yake da dalma. Yara kimanin 400 suka rasu. A Dareta da Abare da 'Yargalma da sauransu, an bi gida-gida ana kankare ƙasar tsakar gida da fartanya, a loda a buhu, a kai rami na musamman a binne, a kawo sabuwa a shimfiɗa. Bagega sai a 2013 aka kai gare ta. A 2015 irin wannan ta sake faruwa a Shikira ta ƙaramar hukumar Rafi a jihar Neja. A Japan ma, inda kadmiyam daga wata mahaƙa ya bi kogin Jinzu ya shiga gonakin shinkafa ya jawo ciwon ƙashin da suka sa wa suna itai-itai, wato kamar ka ce "wayyo-wayyo", canjin ƙasa suka yi, aikin da ya ci shekaru fiye da talatin, sai a 2012 aka kammala. Tsakar gida ana iya kankare ta. Japan tana da kuɗin canja wa gona ƙasa. Kawu yana da injin ban-ruwa ɗaya da bashin mai maganin feshi.

Nan ne na shiga karance-karance a kan ɗaya hanyar: a bar ƙasar a inda take, a zuba mata abin da zai ɗaure gubar. Abin da ya ja hankalina shi ne yawancin abubuwan da ake zubawa shara ce, sharar masana'antu, wadda masu ita ke neman inda za su kai.

Misalin da ya fi zama mini a rai daga Andalus yake, a kudancin Sifaniya. A watan Afrilun 1998 madatsar da ke riƙe da dagwalon wata mahaƙa a garin Aznalcóllar, kusa da birnin da littattafan Larabci ke kira Ishbiliya, ta ɓalle. Baƙin taɓo mai tsami, cike da tutiya da dalma da kadmiyam da asanik, ya bi kogin Guadiamar ya rufe fili fiye da hekta 4,000. Sun kwashe taɓon da manyan motoci, amma abin da ya riga ya nutse cikin ƙasa ba ya kwasuwa. Daga cikin abin da suka zuba a kai har da farar ƙasar da kamfanonin sukari ke zubarwa bayan sun tace ruwan gwozar da suke yin sukari da ita. Sharar wani kamfani ta zama maganin ɓarnar wani. Turawa ma sun daɗe da sanin irin wannan: tun wajen shekarun 1880 suke niƙa kashin tama da ke fitowa daga tanderun ƙarfe suna sayar wa manoma a matsayin taki, saboda farar ƙasa da fosfet da ke cikinsa. Kashin maƙera ke nan na gidan maƙeran zamani. Ana kuma gwada tokar tashoshin lantarki masu ƙona kwal, da ƙurar kamfanin siminti, da jan taɓon da ke saura idan an tace tamar alminiyam. Shi jan taɓon cike yake da tsatsar ƙarfe, tsatsa kuwa tana kama guba kamar danƙo. Amma shi ne dai wanda ya ɓalle a ƙasar Hangari a watan Oktoban 2010, ya malale garuruwan Kolontár da Devecser, ya kashe mutum 10, ya ƙona fatar wasu da dama, don kanwarsa ta kai ta sodar sabulu. Magani da masifa duk a tafki ɗaya, ya danganta da yawan da aka zuba da kuma yadda aka sarrafa shi kafin a zuba.

Mu ba mu da jan taɓo, ba mu da tashar kwal mai aiki a kusa, Ajaokuta kuwa kowa ya san labarinta. Kamfanin sukari sai ka je Numan ko Sunti, kuɗin mota ya cinye ribar. Sai na fara zagaya Jos da wani ido daban, ina tambayar kaina: mu me muke zubarwa?

Na farko da na gani shi ne ya jawo mini abin kunya.

Duk inda masu gyaran jikin mota suke, za ka ga wani farin abu kamar kunun kanwa da ya daskare, an zubar a bayan rumfa. Ragowar kabayid ne. Mai walda yana zuba kabayid a tukunyarsa, ya sa ruwa, iskar da ke tashi ita yake kunnawa ya yi walda, abin da ya kwanta a ƙasan tukunyar ya juye. Wannan farin abu, a ilimin da nake koyarwa, farar ƙasa ce jiƙaƙƙiya, irin wadda ake shafe bango da ita. Ga ta nan a banza, babu mai so. Na yi murna kamar na tsinci dami a kala. Na roƙi wani mai walda, ya yi dariya ya ce in kwashe duka, har da yaronsa ya taya ni cika buhu biyu. Yana wari kamar ruɓaɓɓiyar tafarnuwa.

Kawu ya ba ni fangali ɗaya, ba da son ransa ba. Na zuba abin nan da ɗanyensa, ban auna ba, ban bar shi ya sha iska ba, na kuma haɗa da kashin kaji don ina so in burge. Warin da ya tashi nan take ya sa idona hawaye. Da na tsaya na yi tunani irin na malamin kemistiri, da na gane takin ne ke tashi sama yana barin ƙasar, don farar ƙasa mai zafi tana korar sinadarin da ke cikin kashin kaji da yuriya ya bi iska. Bayan kwana uku muka dasa latas. Cikin mako guda rabinsa ya kwanta, saiwar ta ƙone. Wanda ya rayu ya tsaya cak, ganyen ya yi ɗorawa-ɗorawa, jijiyoyin kawai suka rage kore, alamar na ɗaure har da abincin shukar, domin idan kanwa ta wuce kima, ƙarfen da ganye ke bukata da fosfet su ma kamuwa suke yi. Na tsoma takardar awon tsami a ruwan ƙasar, ta yi shuɗi har tana neman komawa shunayya. Ana neman wajen 6.5 zuwa 7 a ma'aunin pH, ni na wuce can da nisa.

Kawu ya zo ya tsaya a kai, hannu a baya. Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce, "Garin neman gira." Bai ƙarasa ba, ya juya ya tafi wajen injinsa. Har yau in ya so ya tsokane ni a gaban mutane, sai ya ce a ba injiniya wuri ya zauna.

Laifin ba na kabayid ba ne. Da na shanya shi ya yi makonni yana shan iska, da zafinsa ya ragu, don iska tana mayar da shi farar ƙasa mai sanyi irin ta dutse. Da na niƙa shi na watsa kaɗan, na gauraye da ƙasa, na yi ban-ruwa na jira mako uku ko huɗu kafin dashe, da wani labarin ake yi. Na gwada hakan daga baya a cikin bokitai a bayan ɗakina, latas ya tashi lafiya.

Bayan wannan na rage gaggawa. Jos garin kaji ne, ƙwai kuwa har Maiduguri ake kai shi. Ɓawon ƙwai kusan dukkansa farar ƙasa ce mai sanyi, ba ta ƙuna, sai dai tana da nawa, kuma sai an daka ta ta yi laushi kamar garin tuwo, in ba haka ba shekara za ta yi a ƙasa tana kallonka. Na yi magana da masu shayi uku a unguwarmu da wani gidan burodi, suna tara mini a buhu. Ƙanwata ta hana ni turminta, ta ce ƙarni, dole na sayi nawa.

Ƙashi ya fi ban sha'awa. Abin da ya gina ƙashi fosfet ne, fosfet kuwa idan ya haɗu da dalma suna zama wani dutse da masana ke kira payiromofayit, wanda yana cikin mafi taurin narkewa a duk siffofin dalma. Wannan ɗauri ya fi na kashe tsami ƙarko, don ko tsamin ya ɗan dawo ba ya saurin kwancewa. Matsala biyu na tarar a mahauta. Ƙashi ba shara ba ne a Jos, masu haɗa abincin kaji suna saye, yana da farashi. Na biyu, wasu da tsofaffin tayoyi suke babbaka, taya kuwa tana da tutiya da wasu tarkacen, ka ga an gudu ba a tsira ba. Wanda zan yi amfani da shi ni nake ƙona shi da itace a cikin rabin duro mai murfi har ya yi baƙi ya yi gautsi.

Akwai kuma laka da ke kwantawa a matatar ruwan famfo bayan an sa alimun, wadda ita ma tana kama ƙarafa sosai, sai dai tana kama fosfet ɗin da shuka za ta ci, mai lambu ya ga amfaninsa ya tsumbure. Akwai ɓuntun shinkafa da ake tarawa tsibi-tsibi a injinan casa, wanda in aka mayar da shi gawayi yana rage tsami yana kuma riƙe danshi. Waɗannan biyu ban kai ga gwada su ba tukuna.

Wani abu da ya kamata duk mai sha'awar wannan hanya ya riƙe: ba duk guba ce ke jin magani ɗaya ba. Abin da ke ɗaure dalma da kadmiyam yana iya kwance asanik. Shi asanik idan tsami ya ragu sakewa yake yi, fosfet kuma yana ture shi daga inda ya manne ya zauna a gurbinsa. Wanda ƙasarsa ke da asanik, kamar wuraren da ake wanke wasu duwatsun zinariya, in ya zuba garin ƙashi ya ƙara wa Borno dawaki. Shi tsatsar ƙarfe yake so. Haka nan baƙin yashin da ake bari a wuraren tace kuza da kwalambayit, wanda ke ɗauke da monazayit, matsalarsa tururin nukiliya ne daga sinadarin toriyam. Babu ƙwai ko ƙashin da zai yi masa komai, kuma ina ganin mutane suna ɗibarsa suna yaɓen ɗaki.

Abin da ya fi ba ni tsoro kuwa ya zo ne da ƙafarsa. Wata rana wani direban tifa ya tsaya a bakin lambunan yana tallar wani baƙin gari mai ƙyalli, wai daga wani kamfanin narka ƙarfe, wai yana gyara ƙasa, kuma kyauta ne, kuɗin mai kawai za a ba shi. Wataƙila ma ya ji irin maganar da nake yi ne a wani wuri. Na tambaye shi me ake narkawa a kamfanin. Ya ce komai, duk abin da 'yan gwangwan suka kawo. Komai ɗin nan ya haɗa da ƙarfen da aka shafa wa fenti, da mai kuromiyam, in an yi rashin sa'a har da batirin mota. Kamfanin da ya kamata ya kashe kuɗi ya killace dattinsa ya sami hanyar da manomi zai biya kuɗin mai a kawo masa shi har gona. Wannan ita ce ƙofar da maganar "shara tana gyara ƙasa" ke buɗewa in ba a tsare ta ba. A ƙasashen da abin ya yi aiki, ana gwada sharar kafin ta bar ƙofar kamfani, ana gwada ƙasar kafin a zuba, ana dawowa bayan shekaru a sake gwadawa. Muna da hukumar NESREA tun 2007 mai kula da irin wannan. A nan Jos muna da jami'a, muna da cibiyar binciken ƙarafa ta ƙasa, ga kwalejin nazarin ƙasar noma a Kuru. Masu ilimin suna nan. Abin da nake fata shi ne ranar da mai lambu zai ƙulla ƙasarsa a leda ya kai wani wuri a gwada masa a kan kuɗin da bai wuce na kwandon tumatir ba. Kawu ya kori direban, ba don bayanina ba. Cewa ya yi bai taɓa ganin abin kirki da ake bi da shi gona-gona ana roƙon a karɓa ba.

Ko an ɗaure dalma, tana nan a cikin ƙasar. Saiwar latas ce kawai aka hana ta. Yaron da ke rarrafe a bakin fangali yana cusa hannu a baki, shi ƙasar yake ci gaba ɗayanta, cikin ɗan Adam kuwa yana da tsamin da ya fi na kowace gona, yana iya kwance wani abin da aka ɗaure. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a ce ba ya cutarwa. Saboda haka jikokin Kawu sun daina zuwa wasa wajen tsohon fangalin, kuma na dame su a gida da maganar wanke ganye da ruwa mai gudu da kankare bayan karas, don yawancin dalmar da ke kan kayan lambu ƙura ce da ta manne. Kadmiyam ne mai shiga cikin ganye, latas da alayyafo kuma sun fi kowa kwaɗayinsa. Tumatir da tattasai ba su cika kai shi cikin 'ya'yansu ba.

Da wannan na samu na shawo kan Kawu, don bai ƙunshi sayen komai ba. Tsohon fangalin bakin hanya ya koma na tumatir da tattasai, latas ya hau can sama. Tokar bola kuwa bai daina ba gaba ɗaya, ƙarya ne in ce ya daina. Ya rage, yana cikewa da tokar itace daga gidajen burodi da wajen masu tsire, wadda take da kanwar ba ta da batirin. Yana ƙorafin ba ta isa, kuma ba ta da arha kamar ta bola. Maƙwabcinsa na gabas har yanzu tifa biyu yake juyewa duk shekara, in iskar hunturu ta taso kuma ba ta tambayar iyakar gona.

Bana ya sake ba ni wuri, fangali huɗu a jere a tsohuwar ƙasar. Ɗaya na bar shi yadda yake, ɗaya garin ɓawon ƙwai, ɗaya ƙonannen ƙashi, ɗaya kabayid da ya sha iska wata biyu, wannan karon da awo, da gwangwanin madara. Latas na dasa a duka, da gangan, kuma mun yi da shi ba na kasuwa ba ne. Abokina na ɗakin gwaji ya ce kada in sake kawo masa ƙasa, ganyen zan kawo, a wanke, a shanya a inuwa, kowane fangali da ledarsa, tunda abin da muke son sani shi ne wanda ya shiga cikin ganyen. Na kafa tsinke da ƙyalle mai launi daban-daban a kan kowanne. Sau biyu yara suna cire mini su, sai da na zana taswirar wurin a bayan littafin darasina.

Shekaranjiya na iske Kawu tsugune a bakin na ƙashin, ya kwaɓa ƙasa da ruwa a murfin galan, yana tsoma 'yar takardar awon da na manta a rumfarsa. Ya ɗaga ta yana kwatanta launin da na jikin kwalin, ya matso da ita kusa da ido, ya nisanta.

"Injiniya, wannan kore ne ko ɗorawa? Idon nan ya fara ba ni matsala."

Na karɓa na duba. Kore ne, mai ɗan haske. Saura kwana goma sha biyu mu yanki latas ɗin.